Jikin Jarumi da Ƙidayar Rauni a Ƙagaggun Labaran Hausa na Jaruntaka

1.0 Gabatarwa

Daga cikin sukar da manazarta kan yi wa labaran jaruntaka na Hausa akwai cewa jikin jarumi ba ya kama da jikin ɗan Adam: a sare shi, a soke shi, gari na wayewa ya koma fagen fama garau. Wannan maƙala za ta sake duba sukar ta hanyar aro ma'auni daga wata muhawara da ta daɗe a tsakanin masu wasannin kwaikwayo na kan tebur, sannan ta gwada shi a kan littattafai uku da kuma wasannin dambe da sharo, waɗanda Hausawan Wuro Hausa da Jimeta suka sani sarai.

2.0 Makin Rai

A shekarar 1974 Gary Gygax da Dave Arneson suka fitar da wasan Dungeons & Dragons a Amurka. Kowane ɗan wasa yana ɗaukar matsayin jarumi guda, a rubuta masa wani adadi a takarda, wanda za mu kira makin rai. In an kai masa sara sai a jefa ƙwaya mai lambobi irin ta ludo, a debe abin da ta nuna. Mai maki hamsin da mai saura maki ɗaya ƙarfinsu ɗaya ne a fagen daga; sai makin ya ƙare jarumi ya faɗi. Masu suka suka ce wannan ya saɓa wa hankali, domin mai karaya ba ya gudu. Saboda haka wasan RuneQuest na 1978 ya raba makin gaɓa-gaɓa, yadda hannu zai iya mutuwa mai shi yana raye. Gygax kuwa ya bayyana a 1979 cewa yawancin makin na wakiltar gwaninta da sa'a da kariyar sihiri ne, tsoka da jini kaɗan ne a ciki.

3.0 Dambe, Sharo da Tauri

Bayanin Gygax ba baƙo ba ne ga Bahaushe. A dambe, ɗan wasa na iya kumbura ido ya fasa leɓe, amma ba a ƙirga masa komai sai ya taɓa ƙasa. A nan ne ake cewa an yi kisa, alhali wanda aka kashe zai miƙe ya karkaɗe jikinsa. A sharo kuwa tsumagiya na tsaga fata, tabon ya zauna har tsufa, amma abin da 'yan kallo ke aunawa shi ne fuskar saurayi, ko ta motsa ko ba ta motsa ba. Ɗan tauri shi ma ya dogara ne ga magani, kuma kowa ya yarda cewa kowane asiri da sharaɗinsa da makarinsa. A duka ukun akwai rauni na zahiri, akwai kuma wata ƙidaya dabam da al'umma ta amince da ita. Muhimmin abu shi ne ƙidayar tana iya ƙarewa.

4.0 Littattafan Uku

Ganɗoki na Bello Kagara (1934) ya kasu gida biyu. A kashin farko, inda labarin ya jingina da yaƙe-yaƙen Kwantagora da zuwan Turawa, jarumin yana cika baki, amma ɓangarensa na shan kashi, domin lifidi da laya ba sa tare harsashi. Wannan gaskiya ce da Yola ma ta gani a watan Satumba na 1901, lokacin da sojojin Ingila suka ci garin, Lamiɗo Zubairu ya fice. Mai karatu na jin tsoro a wannan kashi saboda ya san akwai abin da za a rasa. A kashi na biyu, cikin ƙasashen aljannu, makin Ganɗoki ya zama rijiya marar ƙasa, kuma yawan abokan gaba bai ƙara wa labarin zafi ba.

Iliya Ɗan Maiƙarfi na Ahmadu Ingawa (1951) ya fi dabara ta wannan fuska. Jarumin ya fara ne da naƙasa, ƙarfinsa baiwa ce da aka ba shi, kuma labarin ya rufe da komawarsa dutse. Tun da an nuna ƙarfin aro ne, mai karatu na sauraron ranar da za a karɓe shi, ko da yake a tsakiyar littafin sara ba ya barin gurbi a jikinsa.

Shaihu Umar na Abubakar Tafawa Ɓalewa (1934) ya ɗauki ɗaya hanyar. Wahalar bauta da doguwar tafiya suna taruwa a jikin mahaifiyar Umar sannu a hankali, har ta rasu jim kaɗan bayan ta sadu da ɗanta, kuma guguwar hamada ta halaka ayari ba tare da duba darajar kowa ba.

5.0 Kammalawa

Kuskure ne a auna Ganɗoki da ma'aunin Shaihu Umar, kamar yadda ba a hukunta dambe da dokar sharo. Tambayar da ta dace mai nazari ya yi ita ce: mene ne marubuci ya zaɓa ya ƙirga a jikin jaruminsa, ya kuwa tsaya a kan dokar da ya kafa, kuma abin yana iya ƙarewa? Marubutan littattafan yaƙi na kasuwar Kano, waɗanda suka gaji wannan salo, za su amfana da tambayar, haka ma malaman da ke koyar da waɗannan littattafai. Jarumin da ba shi da makari ba ya buƙatar jaruntaka, kuma mai karatu ba shi da dalilin buɗe shafi na gaba.