Mawaƙiyar da ta bar Faris ta je neman jar ƙasa

A Ibohaman akwai samari da ƴan mata waɗanda in an ce Faransa sai su lumshe ido. Suna hangen kwat da turare da fitilun birnin Faris. Su nake so su ji labarin mawaƙiyar da na fi so, Dee Dee Bridgewater.

Baƙar fata ce, an haife ta a Amurka a 1950. A 1986 ta koma Faris da zama. Kiɗanta ana ce masa jaz. Baƙaƙen Amurka suka ƙago shi, jikokin bayin da aka kwasa daga Afirka. A cikin jaz mawaƙi ba ya bin hanya guda. Yakan saki waƙar, ya zagaya, ya komo, kamar yadda makaɗan gurmi suke yi in wasa ya yi daɗi.

A 2005 ta fid da faifai na tsofaffin waƙoƙin Faransa. Yana da daɗi, sumul kamar riga ta sha guga. Amma a kunnena muryar tana taka-tsantsan, kamar baƙuwa a gidan surukai.

Sai ta tafi Bamako, ta zauna da makaɗan Mali. Faifan ya fito a 2007, sunansa "Red Earth", wato jar ƙasa. Nan ne muryarta ta sake. Baseku Kuyate yana kaɗa ngoni, ɗan uwan molonmu, ita kuwa tana amsa masa. Wani wurin ta bar kalmomi gaba ɗaya, ta mai da maƙogwaronta algaita. In sun haɗu da Umu Sangare, sai ka ce mata biyu a bakin turmi, wannan ta ɗaga, wannan ta sauke. Ba na jin Ingilishi, amma nan ban bukaci tafinta ba.

Faifan yana da aibi. Wani lokaci kayan kiɗa su yi yawa, piyano da ganguna su danne molo, mai saurare ya rasa wanda zai bi.

Mai salula ya nemi faifan biyu. Ku fara da na Faris, sa'an nan na Bamako. In mun haɗu a aji, kowa ya rubuta layi uku a kan wanda ya fi shiga ransa.