Katantanwa ko Majaujawa?

Asalin katantanwa kwanson dodon-koɗi ne, kamar yadda ƙamusun Bargery na 1934 ya nuna. Yara kuwa sun daɗe suna harhaɗa tasu da murfin biro da hular batir, su murza ta bisa rairayi, amma sunan bai sauya ba. Wannan na iya ruɗin mai fassara ya miƙa kalmar ga wasan wutar nan mai kewayawa yana zubar da tartsatsi. In ya yi haka bai kyauta wa ɗalibai ba. Katantanwa kan tsininta take juyi, gwanintar mai wasa kuma ita ce ya kife ta. Wutar ba ta da tsini, ba a kuma kife ta. Juyinta a iska yake, irin na majaujawa.