Gaurayen Zare a Saƙar Gidan Zuma: Ɗan Tsokaci

Daga cikin mayafan wuya da masu saƙar hannu na Turai da Amurka suke yi, akwai wani iri mai ƙananan ramuka jere da juna. Amurkawa sun kwatanta wannan saƙa da wata wainarsu mai ramuka, mutanen Ingila kuwa suka kwatanta ta da saƙar zuma, kwatancin da ya fi kusa da kunnen Bahaushe. Abin da wannan tsokaci zai duba shi ne ɗabi'ar gauraya zare iri-iri a cikinta, wadda ake yabawa fiye da kima.

Ramukan nan ba rini ne ya kawo su ba. Masaƙi yakan bar zaren tsaye ya tsallake abawa da yawa ba tare da ya kitsu da ita ba, haka ita ma abawar, sa'an nan tsallaken ya riƙa raguwa zuwa tsakiyar rami, inda saƙar ta koma ta yau da kullum. A kan masaƙa ƙyallen kusan shimfiɗe yake. Sai an wanke shi dogayen zarurrukan suke tsukewa, gefuna su taso, tsakiya ta lotsa. Watau ruwa ne yake ƙarasa aikin.

To, a nan gizo yake saƙar. Ulu da auduga da siliki ba su tsukewa daidai. Ulu yakan ja jikinsa, har ya dunƙule idan ruwan ya yi zafi, alhali siliki bai cika motsawa ba. Wanda ya zaɓi zare don launi kawai zai tarar, bayan wanki, wani rami ya zurfafa wani ya baje, bakin mayafin ya karkace. Masu yabo sukan kira wannan armashin aikin hannu. Wani lokaci haka ne, idan masaƙin ya gwada ɗan ƙyalle ya wanke tun kafin wadari. Galibi dai kuskure ne aka raɗa wa suna mai daɗi. Bugu da ƙari, zare mai rodi-rodi yana haɗiye inuwar ramukan, ido ya rasa abin da zai bi.

Gaurayen zare ba baƙo ba ne a ƙasar Hausa, kuma a nan kwatanci yana da amfani. Saƙi, wanda Barth ya gani a Kano a 1851 ya kuma ambaci kamarsa da gashin zabo, farin zare ne da na baba. An kuma saƙa auduga tare da tsamiya, da alharinin da fatake suka riƙa kawowa daga Tarabulus. Amma masaƙar maza ta Hausa andira biyu gare ta, saƙarta shimfiɗaɗɗiya ce, kowane zare a ɗaure yake da maƙwabcinsa. Saboda haka zaren ne kaɗai yake ɗauke da ado, kuma ba shi da sararin yin gardama a cikin ruwa. Saƙar gidan zuma kuwa, wadda aka saba yi da andira huɗu ko fiye, ta riga ta zo da adonta, ta kuma sakar wa zare mara.

Mayafan da suka fi dacewa su ne waɗanda aka taƙaita gaurayen: zare biyu masu kauri ɗaya, mai haske a kan gefen da ya taso, mai duhu a cikin ramin, yadda launi zai ƙara wa zurfin fitowa.