Sola ta shiga, leda ta ƙi fita: ƙananan 'yan kasuwa da muhalli a Gagarawa Tasha

A ƙasar Gumel ba sai an yi wa mutum lacca ba kafin ya san daji na ƙarewa. Mai kawo itace ya fi kowa sani, domin kowace shekara amalankensa na ƙara nisa kafin ya cika. Shi ya sa zancen "rashin wayewa" da ake jingina wa ƙananan 'yan kasuwa bai gamsar da ni ba. Lissafi suke yi, kuma lissafin na yini guda ne: wa zai biya, yaushe riba za ta dawo?

Dubi masu cajin waya. Shekara da shekaru janareto na ta hayaƙi a bakin shago. Da aka cire tallafin man fetur a watan Mayun 2023, sai ga faifan sola a kan rufin kwano, batir a ƙarƙashin benci. Ba wata hukuma da ta tilasta musu; kuɗin mai ne ya yi wa'azin.

Mai shayi da mai tsire kuwa suna nan kan itace da gawayi, kuma ban ga laifinsu sosai ba. Tukunyar gas na neman kuɗi dunƙule, ga cika ta sai an je gari. Itace ana sayensa ƙulli-ƙulli daga cinikin jiya, wani lokaci ma bashi har yamma. Mutumin da jarinsa ke kwana a aljihunsa ba ya iya ɗaure shi a tukunya.

Leda ta fi ba ni takaici, don a nan mai cin riba daban, mai asara daban. Ta naira kaɗan ce, kuma mai saye zai tsallaka shagon gaba idan aka ce ya zo da kwanonsa. Ranar Alhamis, bayan kasuwar Maigatari ta watse, iska ke kwasar ta zuwa gonakin riɗi da makiyaya. Saniya ta haɗiye, ta dinga ramewa, sai a mahauta a ciro dunƙulen leda daga tumbinta. Makiyayi ya biya abin da mai shago bai ma san ya jawo ba. Nijar ta kafa dokar hana leda tun 2014, amma har yau ana ƙulla kaya da ita a kasuwannin bakin iyaka, saboda ba a kawo madadi mai araha ba.

A batun daji kuwa, abin da ya yi aiki a ƙetaren iyakar shi ne gawo. Manoman Maradi da Damagaram sun riƙa barin tohon bishiya a gona tun shekarun 1980, bayan sun tabbatar reshe da 'ya'yan nasu ne, ba na malamin daji ba. Shirin dashen bishiyoyi na Great Green Wall ya ratsa Jigawa, amma dashen da ba a ce na wane ba ne, akuya ke fara kai masa ziyara kafin mai ban ruwa.