"Jirgi Marar Matuƙi": Nazari a kan Suna da Alhaki a Zamanantar da Sojan Nijeriya

1.0 Gabatarwa

Wannan takarda ba ta zo domin musun bukatar zamanantar da soja ba. Duk wanda ya bi hanyar Funtuwa zuwa Gusau a 'yan shekarun nan, ya ga yadda mutanen Bilbis da sauran ƙauyukan ƙasar Tsafe suke noma cikin ɗar-ɗar saboda 'yan bindiga, ba zai yi ƙyashin a sayo wa soja ido a sama ba. Abin da muke nufin dubawa shi ne sunayen da aka laƙaba wa wannan na'ura da Hausa, domin a ganinmu suna yakan shirya wa jama'a yadda za su ɗauki abu, har da wanda za su tuhuma idan abin ya ɓaci.

2.0 Gulma da Tsaigumi

A watan Disamba na 2013 Shugaba Goodluck Jonathan ya ƙaddamar da jirgin leƙen asiri ƙirar gida a Kaduna, aka sa masa suna Gulma. A Fabrairun 2018 kuma Shugaba Muhammadu Buhari ya ƙaddamar da magajinsa, watau Tsaigumi, a wannan gari dai. Dukkansu biyu na sojan sama ne, kuma aikinsu gani da kawo rahoto. Masu ɗaukar makami kuwa daga waje aka sayo su, kamar CH-3 da Wing Loong II na ƙasar Sin, da Bayraktar TB2 na Turkiyya.

Mun yaba da aka nemo suna daga cikin harshenmu. Sai dai wanda ya zaɓa ya faɗi gaskiyar da watakila bai nufa ba. A wajen Bahaushe gulma da tsegumi magana ce da ake ɗauka a bayan idon mai ita, ba a ji ta bakinsa ba, kuma ba alƙalin da zai yanke hukunci da ita sai ya nemi shaida. Haka hoton da jirgi ke aikowa yake. Yana nuna taro, yana nuna jerin babura, amma ba ya faɗin ko su wane ne. A ƙasa irin ta Bilbis, wadda ta yi iyaka da Faskari ta Jihar Katsina, ɗan bindiga da ɗan sa-kai da manomin da ya jira 'yan'uwansa don su tafi kasuwa a ayari, duk babur suke hawa, sau da yawa ma hanya ɗaya suke bi. Rashin tsaron ne da kansa ya tilasta wa talaka yin tafiya a gungu, gungun nan kuwa shi ne abin da ido na sama ke zargi.

3.0 Wa ke Tuƙi?

Suna na biyu, wanda gidajen rediyo suka yaɗa har ya zauna, shi ne "jirgi marar matuƙi". Nan ne muke ganin kuskuren ya fi girma. Jirgin yana da matuƙi. Ba ya cikinsa ne kawai. Yana zaune a ɗaki gaban allo, kusa da shi akwai mai kula da na'urar ɗaukar hoto, a bisansu kuma akwai hafsan da ke ba da izinin harbi. Da aka ce "marar matuƙi", sai jimlar labari ta koma "jirgi ya jefa bom", kamar yadda ake cewa aradu ta faɗi, alhali kuwa aradu ba a kai ta kotu.

Alal misali, a daren 3 ga Disamba, 2023, jirgin sojan ƙasa ya kai hari kan masu Mauludi a Tudun Biri, cikin Ƙaramar Hukumar Igabi ta Jihar Kaduna. Hukumar ba da agajin gaggawa ta ƙasa ta ce an binne mutum 85. Na'ura ba ta lalace ba. Ta tafi inda aka aike ta, ta sami abin da aka auna. Mutum ne ya dubi taron, ya fassara shi da taron 'yan bindiga. Ya kamata a faɗi cewa rundunar ta amsa laifi, shugabanta na lokacin, Laftanar Janar Taoreed Lagbaja, ya je garin ya ba da haƙuri, kuma a watan Mayu na 2024 hedkwatar tsaro ta sanar cewa za a gurfanar da jami'ai biyu a kotun soja. Wannan sanarwa ita kanta hujja ce a kan sunan: da babu matuƙi, da babu wanda za a gurfanar.

Zamfara ma ta ɗanɗana irin wannan daga hare-haren sojan sama, a Mutumji ta ƙasar Maru a Disambar 2022, da Tungar Kara a Janairun 2025, inda 'yan sa-kai da suka fito bin sawun ɓarayi suka rasa rayukansu. Ke nan matsalar ta riga irin jirgin, tana wajen tantance labari kafin harbi.

Bisa ga haka muna ba masu fassara a gidajen rediyo da jaridu shawarar su gwada "jirgin da ake tuƙawa daga ƙasa", ko "jirgi mai matuƙin nesa". Mun sani sun fi tsawo, kuma baki ya riga ya saba da na farko. Amma mutumin Bilbis da ya ji ƙugi a bisa gonarsa yana da haƙƙin sanin cewa wani ɗan'adam ne ke kallonsa, mai suna da muƙami, wanda za a iya tambaya a kan me ya dogara.