Mutumin da Ya Koya wa Ƙwarangwal Riƙon Takobi

A ƙarshen fim ɗin Jason and the Argonauts na 1963, wani sarki ya watsa haƙoran maciji mai kai bakwai a ƙasa. Ƙasa ta tsage, ƙwarangwal bakwai suka tsiro, kowanne riƙe da makami da garkuwa, suka far wa Jason da abokansa biyu. Faɗan 'yan mintoci ne a allo, amma ya ci wa mutum ɗaya wata huɗu da rabi yana sunkuye a kan tebur. Sunansa Ray Harryhausen, an haife shi a Los Angeles ta Amurka a 1920.

Sana'arsa ita ce motsa abin da ba shi da rai, hoto bayan hoto. Fim jerin hotuna ne tsayayyu, guda 24 a kowace daƙiƙa, saurin wucewarsu ke sa ido ya ga motsi. Sai ya ƙera 'yar tsanar dodo wadda mutum zai ɗauka da hannu ɗaya, ƙashinta na ƙarfe mai gaɓoɓi, namanta na roba. Ya ɗan ɗaga mata hannu kamar faɗin ƙwayar gero, ya ɗauki hoto ɗaya, ya ƙara ɗagawa, ya sake ɗauka. Minti guda na buƙatar hoto 1,440. Mahaifinsa, gwanin aikin ƙarfe, shi ya daɗe yana ƙera masa waɗannan ƙasusuwa.

Ƙwarangwal ɗin nan kuwa, kowanne yana da kai da hannu biyu da ƙafa biyu, wato gaɓa 35 ke jiran taɓawa kafin a ɗauki hoto guda. Akwai ranar da hoto 13 kacal yake samu, abin da bai wuce rabin daƙiƙa da 'yan kai ba. Kuma a zamanin babu na'urar da za ta nuna masa hoton da ya gabata, sai an wanke fim sannan ya ga abin da ya yi. Dole ya riƙe a ka cewa na uku yana kai sara, na biyar yana ja da baya, na bakwai ya yi rabin tsalle. In hankalinsa ya ɗauku ya manta inda wani hannu ya dosa, aikin yini ya tashi a banza.

Ta yaya 'yar tsana ke haɗa takobi da mutum? Da farko 'yan wasa kan yi atisaye da wasu ƙarti har su haddace kowane sara da kowace kariya. Sai ƙartin su fice, a ɗauki 'yan wasan suna saran iska. Harryhausen ya kai wannan fim ɗakin aikinsa, ya haska shi da majigi a ƙaramin allo bayan 'yar tsanar, shi ma hoto ɗaya bayan ɗaya. Tsakanin kyamara da tebur akwai gilashi, ya shafa masa baƙin fenti ya rufe ƙasan hoton. In ya gama, ya mayar da fim baya, ya rufe sama ya buɗe ƙasa, ya sake ɗauka. Ta haka dodo ke shiga tsakiya, dutse a gabansa, teku a bayansa. Wannan dabara aka laƙaba wa suna Dynamation lokacin fim ɗin The 7th Voyage of Sinbad na 1958, wato Sinbad ɗin nan matuƙin jirgin ruwa da masu karanta Dare Dubu da Ɗaya suka sani.

An ce mai haƙuri yakan dafa dutse, amma haƙuri kaɗai ba ya sa dutse ya ji tsoro ko ya fusata. Gwanintar Harryhausen ta ainihi ita ce shi ɗan wasa ne da ke wasa da yatsunsa. Dodon Sinbad mai ido ɗaya, ƙafafun akuya ya yi masa, don kada mai kallo ya ce ai mutum ne ya sa kaya. Talos, ƙaton gunkin tagulla na fim ɗin Jason, ya ba shi tafiya mai tauri kamar ƙyauren da ya shekara ba a buɗe ba. Da Jason ya kwance murfin da ke diddigensa ruwan ransa ya tsiyaye, sai gunkin ya kai hannu maƙogwaro yana tangaɗi, har ka ji tausayinsa ya kama ka. A The Golden Voyage of Sinbad na 1973 ya sa gunkin Kali ya yi faɗa da hannu shida, kowanne da takobinsa. A Clash of the Titans na 1981, fim ɗinsa na ƙarshe, Medusa tana jan jiki cikin hasken wuta, macizan kanta kowanne na murɗewa ta gefensa.

Yana da shekara 13 ya ga King Kong, fim ɗin wani ƙaton gwaggon biri, a sinima a 1933, ya fito da tambayar yadda aka yi. Daga baya ya zama yaron gidan Willis O'Brien, wanda ya motsa gwaggon birin, suka yi Mighty Joe Young tare a 1949. Masu ba da kyautar Oscar ba su karrama shi ba sai a 1992, bayan ya daɗe da ajiye aiki. Ya mutu a Landan a 2013 yana da shekara 92.

Yanzu kwamfuta ke zana dodanni, motsinsu sumul babu tangarɗa. Na Harryhausen suna da ɗan fizga a tafiyarsu, kuma fizgar nan ta dace da su, domin babu wanda ke sa ran ƙashin matacce ya yi tafiya irin ta mai jini a jika. Duk wanda ya samu Jason and the Argonauts, ya tsayar da shi a tsakiyar faɗan ƙwarangwal ya duba hoton da kyau. Kafin a ɗauke shi, sai da yatsun mutum ɗaya suka bi gaɓa 35 ɗaya bayan ɗaya.