Sanarwar Marakesh a Ma'aunin Ƙauyukan Arewacin Kano

Sanarwar da malamai suka fitar a Marakesh ta ƙasar Maroko a watan Janairun 2016, bisa jagorancin Shaihu Abdullahi bin Bayyah, ta ɗora haƙƙin waɗanda ba Musulmi ba a ƙasashen Musulmi a kan Yarjejeniyar Madina, ta kuma nemi masana fiƙihu su gina fiƙihun zama ɗan ƙasa. Asalin da ta tsaya a kai ingantacce ne. Aya ta 8 a Suratul Mumtahana ta buɗe ƙofar kyautatawa da adalci ga wanda bai yaƙi Musulmi ba, aya ta 40 a Suratul Hajji kuma ta ambaci wuraren ibadar Nasara da Yahudu tare da masallatai cikin abin da Allah yake karewa daga rushewa. Rauninta yana bayyana ne idan aka sauko da ita daga zauren taro zuwa gonakin Ungogo da Tofa.

Wanda ya karanta sanarwar zai ga cewa Kiristan da take hasashe shi ne na Iraƙi da Sham da Masar, mai tsohon coci da limamai sanannu. Bakano kuwa, da an ce Kirista sai ya tuna Sabon Gari da baƙi 'yan kudu. Kiristan ƙauye ya faɗa tsakanin biyun. Bahaushe ne, sau da yawa jikan Maguzawa, ko zuriyar waɗanda suka yi jinya a asibitin kutare na Yadakunya, wanda mishan ɗin SIM ya riƙe tun ƙarshen shekarun 1930, zamanin Sarki Abdullahi Bayero. Gonarsa tana iyaka da ta ɗan baffansa Musulmi, rijiyarsu ɗaya, kasuwarsu ɗaya.

A wannan yanki ƙasa ta yi wa mutane kaɗan. Ba a barin gona ta huta, taki ne yake riƙe da ita shekara da shekaru, gado kuma yana ƙara yanka ta. Saboda haka 'yancin addini a nan magana ce ta fili, wato inda za a gina ɗakin ibada, da inda za a binne mamaci. Sashe na 38 na tsarin mulkin 1999 ya ba kowa 'yancin addini, amma Dokar Mallakar Ƙasa ta 1978 ta sa izinin filin karkara a hannun ƙaramar hukuma, kuma kafin takarda ta kai can sai ta bi ta ƙofar mai unguwa da dagaci. Dagaci kuwa liman yake tambaya.

A nan ne shirun sanarwar ya fi tsada, domin limamin da aka tambaya littattafan Malikiyya zai buɗe, kuma a cikinsu akwai babi a kan hana ƙirƙirar sababbin coci a garuruwan da Musulmi suka kafa. Kano ma tana da alaƙa ta musamman da wannan mas'ala. Shaihu Magili, wanda ya rubuta wa Sarki Muhammadu Rumfa nasihar mulki, shi ne ya yi fatawar rushe wurin ibadar Yahudawan Tuwat, alƙalin yankin Abdullahi al-Asnuni ya saɓa masa, Wansharisi kuma ya tattara fatawoyin ɓangarorin biyu a cikin al-Mi'iyar. Sanarwa da aka rubuta a ƙasar Malikiyya ya kamata ta fuskanci wannan saɓani kai tsaye, ta bayyana cewa waɗancan hukunce-hukunce sun rataya ne a kan yadda aka buɗe gari da sharuɗɗan zimma, alhali Bahaushen Tofa ba a ci garinsa da yaƙi ba a wannan zamani, ba ya kuma ƙarƙashin zimmar kowa. Da ta tsallake wannan, sai ta bar ɗalibi da kira mai daɗi a hannu ɗaya da nassin Mukhtasar a ɗaya hannun, kuma an san wanda zai rinjaya a zaure.

Abin lura shi ne malaman ƙasar Hausa na da sun fi haka ƙarfin hali. Sun samo wa Maguzawa gurbi ta hanyar ƙiyasta su da Majusawa, waɗanda hadisin da ke cikin Muwaɗɗa ya sa a bi da su kamar Ma'abota Littafi wajen jiziya. Da wannan ijtihadi Maguzawa suka ci gaba da noma a masarautar Kano har bayan jihadi.

Sai batun gado, wanda sanarwar ba ta kusance shi ba. Uba ya musulunta, ɗa ya shiga coci, bambancin addini ya hana gado, kuma a inda gona ita ce abinci hakan yana iya zama kora daga ƙauye. Fiƙihu yana da mafita: kyauta tun uba yana raye, ko wasiyya da abin da bai wuce sulusi ba, tunda ɗan ba magaji ba ne, kuma Malikiyya sun inganta wasiyya ga wanda ba Musulmi ba. Limaman karkara sun san hukuncin hana gadon sarai, amma ba kasafai ake jin babin wasiyyar a wa'azi ba.